Wahalar da Mutum ya Zaɓa wa Kansa

Kusan kowace shekara, idan watan Afrilu ya kama, birane biyu kan rufe manyan titunansu saboda masu gudun fanfalaki. Boston ta Amurka ta fara nata tun 1897, kuma ranar Litinin ta uku ga wata ake yin sa. Landan ta biyo baya a 1981. Tsawon hanyar ɗaya ne, kilomita 42 da mita 195. Mai kallo a talabijin idonsa na kan 'yan Kenya da Habasha da ke kan gaba, waɗanda kan kammala cikin sa'a biyu da 'yan mintuna. A bayansu kuwa akwai dubban mutane: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, direbobin bas, akawu, iyaye mata, har da tsofaffin da suka yi ritaya. Waɗannan sai sun kwashe sa'a huɗu, biyar, wasu har shida suna fama. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fito da tsammanin zai zo na ɗaya. Duk da haka, sama da mutum 800,000 ne suka shiga ƙuri'ar neman gurbi a tseren Landan na 2025, alhali waɗanda suka kammala tseren ba su wuce 56,000 da 'yan kai ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai yi gudu a Afrilu tun kaka yake fara shiri, lokacin da ganyayen itatuwa ke zuba a ƙasashen. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da sa'a ɗaya a Birtaniya, daga nan duhu ya fara cin yini. Zuwa tsakiyar Disamba, rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas na safe, kuma kafin huɗu na yamma ta faɗi. Mai aikin ofis da duhu yake fita, da duhu yake dawowa, saboda haka gudunsa ma cikin duhu ne, da 'yar fitila ɗaure a goshi da riga mai walƙiya don kada mota ta kaɗe shi. A Boston ga dusar ƙanƙara, ga santsi a gefen titi. Tsarin atisayen da aka fi bi mako 16 ne zuwa 20, fita huɗu ko biyar a mako. Babba daga cikinsu ita ce ta ƙarshen mako, wadda ake ƙara wa tsawo kaɗan-kaɗan har ta kai kilomita 30 ko 32. Ko a nan gida, wanda ke shirin tseren Legas, da ake yi a Fabrairu tun 2016, cikin hazo da sanyin hunturu yake nasa atisayen.

Akwai dalilin da ya sa ba a iya gajarta wannan hanya. Jikin mutum na ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma ajiyar takan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 35. A nan ne mai gudu kan ji kamar ya yi karo da bango, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, tunani ya rikice. Dogon gudun mako-mako ne ke koya wa jiki ƙona kitse da tattalin sukarin. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma jijiyoyi da ƙasusuwa sai a hankali, shi ya sa mai gaggawa kan ƙare da ciwon gwiwa ko tsagewar ƙashin ƙwauri. Tseren yini ɗaya ne, amma a watannin sanyi ake biyan kuɗinsa.

To, wannan mutum da ba wanda ya aike shi, ba albashi, ba kofi, me yake yi? Abin da yake yi yana da wata daraja ta ɗabi'a, ko kuwa sha'awa ce kawai irin ta mai kiwon tantabara, wadda ba ruwan kowa da ita? Tambayar ta shafi fiye da masu gudu, domin ta shafi duk wata wahala da mutum ya ɗora wa kansa da gangan.

Suka ta farko mai ƙarfi ce, kuma duk wanda ya tashi inda ake shan wahalar gaske zai ji ta a ransa. Mai ga-ruwa da ke tura kura cike da jarkoki daga safe zuwa magariba ya fi mai gudun Landan gajiya, kuma ba wanda ke jiransa da lambar yabo. Matar da ke tafiyar kilomitoci da tulu a ka ba ta kiran abin da take yi atisaye. Idan aka kalli lamarin ta nan, gudun fanfalaki wahalar ƙoshi ce. Sai wanda ya ci ya ƙoshi, yake da gida mai ɗumi da takalmi mai tsada, shi ke fita neman gajiya ya kuma biya kuɗin shiga. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. Seneca, masanin falsafar Rum, ya shawarci abokinsa da ya riƙa ware 'yan kwanaki yana cin abinci maras daɗi yana sa tufa mai kaushi, don ya daina tsoron talauci. Amma Seneca na cikin manyan attajiran zamaninsa. Talaucin da mutum ya san ranar ƙarewarsa, kuma makullin fita na aljihunsa, suna kawai ya tara da talauci.

Wannan suka ta yi gaskiya a abu ɗaya: bai halatta mai gudu ya kwatanta kansa da mai ga-ruwa ba, balle ya ce ya san abin da yake ji. Sai dai bambancin da sukar ta nuna, wato ikon dainawa, shi ne kuma inda darajar abin take. Mai ga-ruwa ba ya tambayar kansa kowace safiya ko zai fita, yunwa ta riga ta amsa masa. Mai gudu kuwa dole ya amsa da kansa, sau tamanin ko ɗari cikin sanyi guda, kuma kowane lokaci bargo na da hujja mai kyau. Idan ya kwanta ba wanda zai sani, ba wanda zai cire masa ko sisi. Abin da yake gwadawa shi ne ko maganarsa na da nauyi a wurin da babu shaida kuma babu hukunci. Mun saba cewa alkawari kaya ne, amma alkawarin da muke nufi kusan kullum na tsakanin mutum biyu ne. Wanda mutum ya yi wa kansa ya fi kowanne sauƙin saɓawa, domin mai bin bashin da wanda ake bi mutum ɗaya ne, kuma a shirye yake ya yafe.

Bernard Suits, malamin falsafa a Jami'ar Waterloo ta Kanada, ya yi bayani a 1978 cewa asalin wasa shi ne mutum ya yarda da son ransa ya bi hanya mai wuya alhali ga mai sauƙi, domin idan aka cire wuyar, wasan ma ya tafi. Abin da ya faru a Boston a 1980 ya fayyace wannan. Wata mata mai suna Rosie Ruiz ta tsallake layin ƙarshe a matsayin ta ɗaya cikin mata, aka ɗora mata kambi. Bayan kwana takwas aka ƙwace, domin an gano ta kutso ne daga cikin 'yan kallo saura ƙasa da mil ɗaya, aka mayar wa Jacqueline Gareau ta Kanada haƙƙinta. A ce ba a taɓa kama Ruiz ba, me ta samu? Ta samu layin, da hoton, da tafin. Abin da ba ta samu ba shi ne gudun. Wanda ya ci zomo ya ci gudu, in ji Bahaushe, kuma a wannan sha'ani zomon ma ba komai ba ne face shaidar gudun. Idan isa titin Boylston ne buƙata, jirgin ƙasa ya fi sauri.

Magabata sun daɗe da lura cewa hali kamar tsoka yake, da aiki yake ginuwa. Aristotle, wanda Larabawa ke kira Arisɗo, ya koyar cewa mutum na zama jarumi ne ta hanyar yin aikin jarumta, kamar yadda magini ke zama magini ta hanyar gini. Imam Gazali ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin kan horar da rai, ya kira abin riyada, kalmar da a Larabcin yau ake kiran wasannin motsa jiki da ita. Hujjarsa ita ce, da hali ba ya canjawa da wa'azi ya zama aikin banza, kuma tunda ana horar da doki da shaho, ɗan Adam ya fi cancanta. Mai son zama mai kyauta sai ya tilasta wa hannunsa bayarwa har ta zame masa jiki, kamar mai koyon rubutu da ke ta kwaikwayo har hannunsa ya faɗa. A wannan ma'auni, wanda ya tashi ƙarfe biyar na asuba a Janairu yana koyon abu na gaske, wato ya ji ransa na cewa a'a, ya saurara, sannan ya ɗaura takalmi.

Amma a nan ya kamata a taka a hankali, domin masu sha'awar gudu kan yi tsalle daga wannan gaɓa su ce gudu na gyara mutum. Juriya kayan aiki ce, kamar wuƙa. Azzalumi ma na iya zama mai juriya, ɓarawon dare ma yana hana idonsa barci. Babu wata doka da ta ce wanda ya iya haƙuri da zafin cinya a kilomita 35 zai iya haƙuri da kukan jariri ko da tsohuwar da ke maimaita labari ɗaya. Sau da yawa ma akasin haka ake gani, mutum ya ƙarar da haƙurinsa a titi ya dawo gida da ragowar faɗa. Arisɗo da Gazali duk sun ɗaure horo da manufa. Abin tambaya shi ne wa wannan ƙarfin zai yi wa aiki.

Wannan ya kai mu ga suka ta biyu, wadda ta fi ta farko ciwo domin a cikin gida take. Atisayen fanfalaki na cin sa'a shida zuwa goma a mako, ban da wanka, da miƙe jijiyoyi, da barcin gajiya. Sa'o'in nan daga wani wuri ake ɗebo su. Idan magidanci mai 'ya'ya ƙanana ya fita gudun sa'a uku ranar Lahadi, akwai wadda ta zauna da yaran, kuma ita ba ta shiga wata ƙuri'a ba. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a zaman iyali zafin kan sauka a bakin wani. Mai gudu na kallon kansa a matsayin mai sadaukarwa, alhali rabin sadaukarwar wani ne ya yi masa ita. A ranar tsere shi za a rataya wa lamba, ita kuwa tana bakin titi riƙe da jaka da yaro.

Labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, wanda Bukhari ya ruwaito, ya dace da wannan wuri. Salman ya ziyarci ɗan'uwansa ya tarar da matarsa ba ta kula da kanta, ta shaida masa mijinta ya juya wa duniya baya, yini azumi, dare tsayuwa. Salman ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya ci, da dare kuma ya hana shi tashi sai can ƙarshen dare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, jikinsa na da haƙƙi, iyalinsa ma haka. Da maganar ta je ga Annabi (SAW) ya gaskata Salman. Idan ibada kanta an yi mata iyaka saboda haƙƙin iyali, ina ga gudu? Saboda haka sharaɗin farko na halaccin wannan wahala shi ne mutum ya biya ta daga aljihunsa. Ya rage kallon talabijin da zaman waya, ya tashi kafin gida ya tashi. Abin da kuma dole sai an ɗebo daga lokacin wani, a nemi yardarsa a fili, a kuma rama masa, ita ma ta samu nata sa'o'in ko da ba gudu za ta yi da su ba.

Haƙƙin jiki ma abin dubawa ne. Jiki magayi, amma mai gudu ya shafe watanni yana koyon ƙin sauraronsa, kuma a nan haɗarin yake. Akwai zafin da ake bi ta kansa a wuce, akwai wanda ke cewa ƙashi ya fara tsagewa. A gasar Olympics ta Landan a 1908, wadda daga ita aka samo wannan tsawo na kilomita 42.195, Dorando Pietri na Italiya ya shigo filin wasa shi ne kan gaba, ya juya ta inda ba nan ba, ya faɗi sau da dama, jami'ai suka tallafe shi har ya tsallake layi. Aka soke nasararsa aka ba Johnny Hayes na Amurka, Sarauniya Alexandra kuma ta ba Pietri kofi na musamman. Duniya ta tuna Pietri ta kusa mance Hayes, domin muna son labarin wanda ya ƙi tsayawa. Amma mutumin da ke gudu don sha'awa, mai 'ya'ya da iyaye, ba shi da hujjar kashe kansa saboda lamba. Arisɗo ya ajiye jarumta a tsakanin tsoro da ganganci. Wanda ya ji ciwo a ƙwauri a watan Fabrairu, likita ya ce ya huta mako shida, ya haƙura ya bar tseren da ya yi wata huɗu yana shiri, ya yi abin da ya fi fita cikin ƙanƙara wuya. Ya nuna cewa shi ke riƙe da horon, horon bai riƙe shi ba.

Sai batun neman suna. A yau agogon hannu na ƙidaya kowane taku, manhajoji irin su Strava na baje wa abokai nisan da mutum ya yi da saurinsa, hoton goshi mai gumi kuma na hawa Facebook kafin a cire takalmi. Da ma mun ce darajar abin na cikin rashin shaida, to ga shaidu an gayyato. Ba duk nunawa ce riya ba. Mutane na ƙarfafa juna, kuma wanda ya san abokinsa na jiransa a bakin gada ƙarfe shida ya fi saurin tashi. Tseren Landan ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam biliyan ɗaya tun 1981, kuma da yawan masu gudun sun shiga ne da sunan uwa da kansa ta kashe ko ɗa mai lalura, dole su yi shela kafin a ba da gudummawa. Gwajin mai sauƙi ne, kuma kowa shi kaɗai zai iya yi wa kansa: ranar da batirin agogo ya mutu, gudun ya shiga lissafi ko bai shiga ba? Wanda ya ji kamar ya yi asarar safiyarsa, ya san wa yake yi wa gudu.

A 2020 an yi wa dubban mutane irin wannan gwaji a lokaci guda. Sun gama sanyinsu kaf, sun yi dogayen gudunsu, saura 'yan makonni, sai a tsakiyar Maris aka ɗage tseren Landan da na Boston saboda annobar korona. Daga baya Boston ta fasa tara mutane gaba ɗaya, Landan kuma ta yi nata a Oktoba da ƙwararru kaɗai a kan hanya, sauran kowa ya yi gudunsa a unguwarsu. Sanyin nan ya tafi a banza ke nan? Idan ranar tsere ce ke ba watannin ma'ana, to ya tafi. Amma idan abin da aka faɗa a baya gaskiya ne, tseren uzuri ne kawai, ƙugiya ce da mutum ke rataya alkawarinsa don kada ya faɗi ƙasa. Safiyoyin da ya tashi sun riga sun faru, annoba ba ta isa ta soke su ba. Manomi na iya rasa amfanin gonarsa a dare ɗaya, domin abin da ya shuka a waje yake. Abin da mai gudu ya shuka a jikinsa da halinsa yake.

Wani lokaci kuma ranar kan zo ta saka wa masu sanyi. A Boston a 2018 an yi tsere cikin ruwan sama mai ƙarfi da iska, sanyi ya kusa digiri 4, manyan 'yan tsere da dama suka janye. Wanda ya ci na maza shi ne Yuki Kawauchi na Japan, wanda a lokacin ma'aikacin gwamnati ne da ke aiki a ofishin wata makaranta a lardin Saitama. A ɓangaren mata Desiree Linden ce ta ci, ita da tun farkon tseren ta yi tunanin janyewa, har ta tsaya jiran 'yar ƙasarsu Shalane Flanagan don ta taimaka mata ta kamo ayari. Ta biyu kuwa Sarah Sellers ce, ma'aikaciyar jinya daga Arizona, wadda ke atisaye da ƙarfe huɗu na asuba kafin ta tafi asibiti. Labari ne mai daɗi, amma kada ya ruɗe mu. Mafi yawan masu tashi da asuba ba za su taɓa zuwa na biyu ba, na dubu goma sha wani abu za su zo, kuma hujjar abin da suke yi dole ta tsaya ko da babu irin wannan rana.

Abin da ya fi dacewa da talakan mai gudu shi ne abin da ya faru a Landan a 2017. Saura kaɗan a gama, ƙafafun wani mai suna David Wyeth suka ƙi ɗaukarsa, yana tangaɗi. Matthew Rees, wanda bai taɓa saninsa ba, ya tsaya, ya rataya hannun Wyeth a kafaɗarsa, suka taka har layi. Rees ya yi watanni yana shiri don ya rage mintuna, ya kuma zubar da mintunan da hannunsa. Da sanyin ya koya masa son agogo kaɗai, da ya wuce. Ƙarfin da ya tara ya ishe shi tsayawa, kuma ya san abin da ya kamata a kashe ƙarfin a kai.

Don haka wahalar da mutum ya zaɓa tana da daraja, amma darajar aro ce, sai an ga inda aka kai ta. Tana koya wa mutum cika maganar da ba mai tilasta masa cikawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da kusan komai an gina shi don ya sauƙaƙa mana zama. Tana lalacewa idan wani ne ke biyan kuɗinta bai sani ba, ko ta zama dalilin raina wanda bai iya ba, ko ta sa mutum ya mance cewa shi yana iya tsayawa alhali mai tura kura ba ya iyawa. Mai son sanin ko sanyin ya yi wa ɗan gudu amfani ba sai ya jira Afrilu ba. Ya je gidansa ranar Lahadi da azahar a watan Fabrairu, bayan ya dawo daga kilomita 30, cinyoyi na zogi, kwanuka na jibge a wurin wanke-wanke, yaro na jan rigarsa ya zo su yi wasa. A duba ko zai tashi.